Tsohuwar Mota a Damargu: Nawa Take, Wa Zai Biya In Ta Salwanta?

A garejojin Tanut, da bayan gidaje a Belbeji, da gefen tasha a Bakin Birji, ba a rasa tsohuwar mota da aka ɗora kan duwatsu, tayoyi sun fashe, rairayi ya cika mata ƙarƙashi, kaji na ƙwai a kujerar baya. Wata Peugeot ce 404 ko 504, Fijon da kowa ya sani, wata Land Rover, wata Toyota Land Cruiser ta shekarun 1970. Akwai kuma waɗanda ba su ajiye aiki ba, ranar kasuwa su kwashi gero da awaki da mutane su nufi ƙauye. Irin wannan mota kuɗinta uku ne. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da kilo zai yi mata kuɗi. Direba zai duba inji da giya da sifirin, ya lissafa lodi nawa za ta yi kafin ta kwanta. Mai saye na uku ba ya Damargu, sau da yawa ba ya Nijar ma. Mutum ne mai tara tsofaffin motoci don sha'awa, kuma abin da direba ya raina shi yake nema. Takardar inshorar da ke aljihun motar kuwa, asirans ɗin nan da ake miƙa wa jandarma, ba ruwanta da ko ɗaya cikin ukun.

Motocin ba daga sama suka faɗo ba. Peugeot ta fito da 404 a 1960, 504 a 1968, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa su a Kaduna, suna tsallako iyaka. Wasu ta arewa suka zo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar 504 da araha, su ratso Sahara da ita ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su ƙara gaba zuwa kudu, da kuɗin su sayi tikitin jirgin komawa gida. Hanyar Agadas zuwa Damagaram, wadda ta bi ta Aderbissinat da Tanut, ta ga ire-irensu da yawa.

Fijon da ake lafta wa buhuna tana da dangi a fagen tsere. 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka har sau huɗu a shekarun 1960, 504 ta ci a 1975, sannan 504 mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake ci a 1978. A ƙarshen wannan shekarar Thierry Sabine ya buɗe tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya yi shekaru yana ratsa Agadas da Tenere. Porsche ta ci shi a 1984 da 1986, Peugeot ta riƙe shi daga 1987 zuwa 1990. Ɗaya daga cikin Porsche 959 da suka shiga tseren 1985, wadda ko Dakar ba ta kai ba, an yi gwanjonta a Amurka a 2018 kan kusan dalar Amurka miliyan 6. Wannan ma ƙaramin alhaki ne. A watan Mayun 2022 aka sayar da Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955 kan yuro miliyan 135, wato sama da biliyan 88 na sefa. Irinta mai rufi, guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa.

Kada mai tsohuwar Fijo ya ji wannan ya yi wa rogo kallon kitse. Tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, takan kira mota ta tarihi in ta kai shekara 30, amma sai an kula da ita, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. An ƙera 504 sama da miliyan uku, don haka mai ƙofa huɗu ba abar mamaki ba ce ko'ina. Waɗanda ake bi da fitila su ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, waɗanda duka-duka ba su kai dubu 40 ba, sai kuma 504 da kamfanin Dangel ya mayar mai ja da ƙafa huɗu tun daga 1980. A nan yankin, abin da ya fi yiwuwa a samu mai daraja shi ne tsohuwar Land Cruiser samfurin 40, wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, ko Land Rover ta da. Kasuwarsu tana ci a Amurka, domin doka can ta sauƙaƙa shigo da motar da ta kai shekara 25.

Damargu tana da wata baiwa da Turai ba ta da ita. Babban maƙiyin tsohuwar mota can shi ne tsatsa: damshi ba ya ƙarewa, ga gishirin da ake watsawa kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, yana cin ƙarfe ta ƙasa har mutum ya iya zura yatsa. A Tanut ruwan shekara da wuya ya wuce milimita 300. Motar da ta shekara 20 a zaune a nan, sai a kankare ƙura a tarar da shasinta lafiya lau. Abin da rana da iska ke ɓatawa shi ne fenti da roba da kujeru, rairayi kuma ya cinye inji, waɗannan ko duk ana iya sake su. Ruɓaɓɓen shasi ne ke cin kuɗin da ya fi motar.

Sai dai abin da yanayi ya kiyaye, hannu yakan ɓata. Duk gyaran da ke ƙara wa mota kuɗi a tasha rage mata yake wurin mai tarawa. An cire injin asali an saka na dizal don ya fi jimiri, an ƙara ganyen sifirin don lodi, an yi wa rufi waldar kariya, an yanke baya an mai da ita a-kori-kura. Makaniken da ya yi wannan gwani ne, ba shakka, da basirarsa motar ta kai yau. Amma mai tarawa motar da ta fito daga masana'anta yake so, da injinta, da giyarta, da launinta. Don haka wanda ya sake inji, in yana da wuri, ya jefa tsohon a zaure ya rufe da buhu, kada ya ba masu kilo.

Mai kimanta mota na gaskiya ba daga fenti yake farawa ba, kamar yadda dillalin raƙuma ba ya tsayawa kan tozo sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Yakan durƙusa ya goge maiƙo daga inda aka buga lambar shasi, ya ɗora farar takarda ya shafa fensir har lambobin su fito, sannan ya gwada su da na ƙaramin allon ƙarfen da ke cikin ɗakin inji, da na katin mallaka, wato kartigiris. Ko harafi ɗaya ya saɓa, ciniki ya tsaya. Yakan bi jikin Fijo ko Toyota da ɗan mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da ƙullun gyara an shafe da fenti, alamar tsohon haɗari. (Land Rover ba a yi mata haka, jikinta na alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi ko lafiyarsa ƙalau.) Bayan nan sai takardu: na duwan, na saye da sayarwa tun daga mai ita na farko, rasiɗan gyara, har tsohon hoton da aka ɗauka da ita ranar wani biki. Motar da ba ta da takardun duwan da kartigiris ba ta fita ƙasa ta halal, saboda haka kuɗi na uku ba nata ba ne, kome kyanta. A ƙarshe yakan nemi nawa aka sayar da ire-irenta kwanan nan. Kuɗin da aka biya ake dubawa, ba wanda mai kaya ya yanka a intanet ba. Kowa na iya cewa miliyan goma, a ce masa albarka ta koma kansa.

To, an san kuɗinta. Wa zai biya in ta ƙone, ko ta kife a rairayi, ko aka sace?

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, ta CIMA, wadda aka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, ta soma aiki a 1995. Sashe na 200 na dokar shi ya tilasta wa kowace mota inshora. Amma wannan ta dole, wadda kusan kowa ke tsayawa a kanta, ɓarnar da motarka ta yi wa wani take biya: wanda ka buge, fasinjan da ya ji rauni, motar ko katangar da ka lalata. Motarka ba ta ciki. Kai direba ma ba ka ciki. Mutum zai shekara goma yana sabunta takarda, ranar da motar ta kama wuta ya je ofis a ce masa ba shi da ko dala. Ba cutarsa aka yi ba, abin da ya saya ke nan, sai dai ba wanda ya zauna ya fayyace masa. Ni a ganina wannan laifin ya fi rataya a wuyan masu sayar da takardar, domin su suka san abin da ke rubuce ciki da Faransanci.

Gobara, sata, fashewar gilashi da lalacewar motar kanta, kowanne sai an saya daban an ƙara kuɗi, kuma kamfanoni ba su cika son ɗaukar tsohuwar mota a kan waɗannan ba. In sun ɗauka, akwai ƙa'idar da ta zama ginshiƙi: diyya ba ta wuce darajar kaya a ranar da abin ya faru. Ga motar yau da kullum, ana ɗaukar kuɗin sabuwa ne a yi ta ragewa shekara-shekara saboda tsufa. A yi wa motar 1978 wannan lissafi, abin da zai rage bai fi kuɗin kilo ba, ko da masu tarawa na rububinta.

Maganin da masu tsofaffin motoci suka samo a Turai da Amurka shi ne a daidaita kan daraja tun kafin wani abu ya faru. Gwanin kimantawa wanda kamfanin ya yarda da shi ya duba motar, ya ɗauki hotuna, ya rubuta rahoto da adadi, a shigar da adadin cikin yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Ranar asara ba a fara jayayya daga tushe. Akan sabunta rahoton bayan ƴan shekaru domin kasuwa na motsi. Irin wannan inshora tana zuwa da sharuɗɗa: a kwanar da motar cikin rufaffen wuri, a taƙaita tafiyarta, ba haya, ba lodi. Mai mota a Tanut ko Belbeji da ke son haka sai ya niƙi gari zuwa Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Tanut, ya tambayi kamfani ƙarara ko suna yi. In an amsa, ya ga adadin da idonsa cikin takarda. Alkawarin baki ba ya biyan diyya.

Wurin faɗin adadi akwai rami hagu da dama. Wanda ya rage darajar don kuɗin shekara ya yi sauƙi, dokar ta ɗauke shi mai ɗaukar sauran da kansa. Misali, mota ta kai miliyan huɗu ya ce biyu, ta yi ɓarnar miliyan ɗaya: rabi za a ba shi, jaka ɗari biyar. Wanda ya zuga adadin kuwa ba zai samu fiye da darajar gaskiya ba, in kuma an gano da gangan ya yi, yarjejeniyar na iya rushewa. Haka wanda ya ce motar ta hawan kansa ce alhali duk ranar kasuwa tana jigilar fasinja. Sannan tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 na dokar a 2011, inshora ba ta soma aiki sai an biya kuɗinta. "Rubuta mini, Alhaji, in an sayar da gero na kawo" ba ta tsare kowa. In abu ya faru a sanar da kamfani da wuri. Wa'adin da dokar ta ajiye bai gaza kwana biyar na aiki ba, amma na sata awa 48 ne, wanda ga mutumin da ke can cikin Tarka ko Tenhiya ba lokaci ne mai yawa ba. Ɓarnar yaƙi da tarzoma kuwa ba ta ciki, sai in an rubuta ta musamman.

Da yawa abin da ke hana su wuce ta dole ba kuɗi ba ne, shakkar halacci ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful, kuma CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019. Mai wannan damuwa ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi kamfani ko suna da wannan reshe.

Ko ba a je ga inshora ba, kimantawa tana da ranarta, ranar rabon gado. Nan ne aka fi asarar irin waɗannan motoci. Maigida ya rasu, an lissafa gona da gida da bisashe, aka zo kan Land Cruiser ɗin da ta shekara 15 a bayan gida, wani ya ce, "Kawu, wannan ai gawa ce, a kira masu ƙarafa a huta." Kafin la'asar an sa mata wutar walda. Magada, har da marayu da matan da ba su fito zaure ba, suna da haƙƙi a kan kuɗinta na gaskiya, ko wanne ne cikin ukun. Abin da ake bukata kafin a sallama bai taka kara ya karya ba: a ɗauki hoton gaba da baya da ciki da ƙarƙashi, a ɗauki lambar shasi da ta inji, a binciko kartigiris cikin akwatin mamacin, a tura wa masu sana'ar mota biyu ko uku a Damagaram ko Yamai ko Kano waɗanda ba su san juna ba, kuma ba su ne za su saya ba. In duk sun ce ƙarfe ce, a kira mai sikeli a raba kuɗin. In ɗaya ya bugo waya yana tambaya ko injin na asali ne, a ɗage rabon motar zuwa wani zama.