Shamuwa, Baƙuwar da Ba a Kora

Manomin Kabi ba ya jiran rediyo kafin ya san damina ta ƙarato. Idan bazara ta yi tsanani, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya ɗaga kai ya ga shamuwa na shawagi bisa fadamar Rima, sai ya ɗauki kalme ya nufi maƙera. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a wannan lokaci, in ya wuce Ambursa ya rage gudu, yana iya hango su a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar ƙauye, suna jidar kirare.

Ita ce ƙarama a duk danginta, nauyinta bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Baya baƙi mai sheƙi, ciki fari fat, gwiwa da yatsu ja, fuskar kuma takan yi shuɗi idan lokacin ƙwai ya zo. Ƙwai 2 ko 3 take yi, mace da namiji su yi ta karɓeɓeniyar kwanci har kusan wata guda. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda take zaɓar yin sheƙa. Ga daji nan fetal, amma sai ta zo bakin masallaci ko bayan rumbu, inda ake daka, inda yara ke ihu. Ta san mutane garkuwarta ne. Tsofaffi sun hana a jefe ta, sun hana a taɓa mata ƙwai, kuma gidan da ta sauka ana yi masa kallon mai sa'a.

Ba a banza take cin wannan alfarma ba. Fara da tsutsar da ke cinye shuka su ne tuwonta. Balbela ce ake wa kirari da ci da motsin wani, don sai saniya ta taka ciyawa take samu. Shamuwa kuwa da ƙafarta take bin kunya-kunya, tana tsince wa manomi abokan gabansa. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ita ta ja, kuma a kanta yake ƙarewa, tana buɗe fukafukai bisa 'ya'yanta har hadari ya wuce.

Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai a wayi gari babu ita. Ruwa take bi. Takan tsallaka dazuzzukan tsakiyar Afirka ta sauka Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa daidai lokacin da tamu ta ɗauke.

Tana juya baya 'yar'uwarta ke isowa yankin Sahel daga arewa, wato farar shamuwa mai jan baki, wadda ta ninka ta girma. Matafiyan da ke zaga Maroko don kallon tsuntsaye ita suke tararwa kan katangar fadar El Badi a Marrakesh da kangon Chellah a Rabat. Can ma ba a taɓa ta. A Marrakesh har akwai gidan da ake kira Dar Bellarj, inda aka ce a da ana jinyar waɗannan tsuntsaye idan sun ji rauni. Ba ta son tsallaka teku mai faɗi, saboda iskar zafi mai tasowa daga ƙasa ce ke ɗaga ta, shi ya sa na yammacin Turai ke bi ta mashigin Jibralta kafin su fuskanci Sahara. A 1822 aka harbo wata a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, nan Turawa suka sami shaidar inda take zuwa idan sanyi ya shigo.

Fadamar da shamuwarmu take dawowa ta tarar ba ta da ba ce. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ruwa ke malala. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa, abin farin ciki ne, amma feshin magani ya bunƙasa tare da shi, ga kuma jirgin da ke zuwa feshin tsuntsayen jan-baki. Farar da ta sha guba, cikin shamuwa take ƙarewa. Manyan itatuwan ƙauye ma gatari na bin su ɗaya bayan ɗaya. A ganina, mai unguwa da limami na da ikon hana sare tsamiyar da shamuwa ke sheƙa a kai, kamar yadda Sarkin Ruwa ke hana a jefa homa a kogin Matan Fada na Argungu kafin ranar bikin kamun kifi.