Me ya sa memori ke ƙin goguwa, waya kuma ta rasa IMEI bayan filashin?

A rumfunan masu cajin waya na Dambatta ko Bichi, ranar kasuwa, ba a rasa wannan rigimar. An kawo memori a tura wa'azi ko waƙa, kwamfuta ta ce katin a kulle yake. Abin da ke ciki yana buɗuwa, amma sabo ba ya shiga, tsoho ba ya goguwa. Sai a ce ai bairos ne. Sau da yawa ba shi ba ne.

Tsakanin babbar manhaja, wato Android ko Windows, da ma'adanar bayanai akwai wata ƙaramar manhaja da ake ce wa direba. Shi ke kai umarni: rubuta nan, goge can. Rabin aikinsa shi ne sanin inda ba a taɓawa.

Kullen kuwa iri-iri ne. Ɗan makullin nan na gefen gidan memori, wanda ake turawa sama ko ƙasa, ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba. Ramin da aka soka katin ne ke jin inda yake, ya gaya wa direba, direba ya bi. Roƙo ne kawai. Na gasken yana ciki. Duk gogewa tana ɗan cinye ƙwayoyin ajiya, don haka katin ke ɓoye wasu na ko-ta-kwana. Idan suka ƙare, katuna da yawa sukan kulle kansu, sai karatu kaɗai. Wannan fomat ba ya buɗe shi. Kwashe kayanka tun yana karantuwa, ka sayi wani.

Ma'adanar cikin waya ta fi tsari. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi suna amfani da guntu mai suna eMMC, kuma an raba shi kamar yadda manomi ke ware irin shuka daga hatsin tuwo. Akwai sashe biyu na tayar da waya, waɗanda Linux, ginshiƙin Android, ke hana rubutu a cikinsu tun farko. Akwai kuma RPMB, wanda ya zo a 2009: mabuɗinsa sau ɗaya ake saka shi har abada, kuma duk rubutu sai an ƙirga, don kada wani ya maimaita tsohon umarni.

Wani abu da ke burge ni: idan direba ya ce a goge fili mai faɗi alhali akwai kulallen wuri a tsakiya, guntun ba ya gardama. Yana tsallake wurin, ya ɗaga 'yar alama. Direban da bai duba alamar ba zai ce an goge komai, alhali bayanai na nan daram.

To ina matsalar IMEI? A wayoyi masu MediaTek, irin Tecno da Infinix da dama, lambar tana zaune ne a sashen NVRAM, kuma shi ba ya da irin wancan makullin. Mai gyara, ko a ƙauye ko a Farm Centre ta Kano, idan ya zaɓi goge komai a SP Flash Tool, ba direban Android ke aiki a lokacin ba, babu mai cewa tsaya. Waya za ta tashi lafiya lau, amma layi ba zai kama ba. Kafin ka miƙa wayarka, tambayi mai gyaran ko zai fara kwafe NVRAM ya ajiye.