Albashin Yaron Shagona

Ran nan muna rufe shago a Adjamé, yarona ya ce, "Alhaji, wai ƙarin albashin nan bai shafe mu ba?" Na yi shiru, don sefa 50,000 nake ba shi.

Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa ya tashi daga 60,000 zuwa 75,000. Ƙungiyoyin ƙwadago, irin su UGTCI mai hedkwata a Treichville, suka zauna da masu kamfanoni, aka taya, aka sallama.

Yaranmu kuwa ba su da ƙungiya, kowa shi kaɗai yake fuskantar maigidansa. Na ce masa ai ina ciyar da shi. Ya ce, "To iyayena a Maraɗi fa?" Ƙarshen wata na cika masa 75,000.