Yadda Ƙwayar Ƙanjamau Ke Bijire Wa Magani: Darasi Daga Bangui

Unguwar Kilomita Biyar ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma Hausawa sun daɗe da zama a cikinta. Bayan rikicin watan Disamba na 2013, unguwar ta zama kamar kurkuku, domin duk Musulmin da ya fita daga cikinta ya sayar da ransa. Mai shan maganin ƙanjamau da aka tsare haka, ba shi da hanyar zuwa asibiti karɓar wani idan nasa ya ƙare.

Ga inda matsalar take. Ƙwayar HIV tana hayayyafa da gaggawa, kuma sinadarin da take kwafar kanta da shi ba ya gyara kuskure. Saboda haka a kullum ana samun ƙwayoyin da suka ɗan rikiɗe. Idan magani ya wadata a jini, hayayyafar takan tsaya. Idan ya yi ƙaranci, sai ya kashe masu rauni, ya bar wa masu taurin kai fili.

Magungunan efavirenz da nevirapine sun fi abokan haɗinsu daɗewa a jini. Da zarar an katse sha, sai su rage su kaɗai, ƙwayar kuwa ta samu damar saba musu. Rikiɗa guda tak, wadda masana ke kira K103N, ta isa ta karya ƙarfinsu duka biyu. Wata mai suna M184V tana bijire wa lamivudine, amma tana raunana ƙwayar, shi ya sa ba ta cika yaɗuwa ba. Ita kuwa K103N ba ta rage mata ƙarfi sosai, don haka takan bi ta zuwa jikin wani.

Wannan ne ya sa ake sa ido kan rukunonin da cutar ke saurin zagayawa a tsakaninsu, kamar mata masu zaman kansu da masu hulɗa da su. A nan mutum yakan kamu da ƙwayar da ta riga ta gagari maganin da bai taɓa sha ba. Binciken da aka yi a asibitin yara na Bangui ma ya gano irin waɗannan ƙwayoyi a jinin yara da dama masu shan magani.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita dolutegravir, wanda ke da wuyar bijirewa. Sai dai shi ma amfaninsa ya dogara ne ga shan sa kullum, da kuma auna yawan ƙwayar a jini a kan kari.