Tsofaffin Gumaguman Hanyar Dogo da Dabarar Mayar da Su Gawayi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar jirgin ƙasa ya ga gumaguman da aka jera a gicciye a ƙarƙashin ƙarafan dogo, aka kuma tokare su da tsakuwa. Su ne ke riƙe ƙarafan nan biyu kada su buɗe ko su tsuke, su ne kuma ke rarraba nauyin jirgi a kan ƙasa. Akan jera fiye da 1,500 a kowace kilomita. Akwai na ƙarfe, akwai na kankare, amma na katako ne aka fi daɗewa ana aiki da su. A Amurka, inda wajen kashi 90 cikin 100 na gumaguman na katako ne, akan cire kimanin miliyan 20 kowace shekara a sa sababbi. To, ina za a kai waɗanda aka cire? Wannan maƙala za ta bayyana abin da ya sa tsohon gungumen dogo ya zama ƙaya, sa'an nan ta duba wata dabara ta sarrafa shi wadda tushenta ba baƙo ba ne ga maƙeran ƙasar Hausa.

2.0 Maganin da ya Zama Dafi

Itacen da ke kwance a ƙasa, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi, ba ya jimawa gara da ruɓa suke cinye shi. A shekarar 1838 wani Baturen Ingila mai suna John Bethell ya yi rajistar wata hanya ta maganin haka. Akan zuba gumaguman a cikin wani dogon tulun ƙarfe, a rufe, a matsa musu wani baƙin mai da ƙarfin inji har ya ratsa cikin itacen. Sunan man kiriyosot, kuma daga kwaltar da ake samu a jikin kwal ake tace shi. Gungumen da ya sha wannan mai yakan yi shekara 30 ko fiye yana aiki.

Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Man kiriyosot haɗi ne na ɗaruruwan sinadarai, kuma wasu daga cikinsu suna haddasa sankara, wato ciwon daji. A 1987 Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa shi cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam cutar. Tun 2003 Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga jama'a, ta kuma hana amfani da itacen da ya sha shi a cikin ɗakuna, da filayen wasan yara, da mazubin abinci. Daga 2023 ba ta yarda a jiƙa wani itace da shi ba sai gumaguman dogo da turakun wayar lantarki da na tarho. Abin lura shi ne, ko da gungume ya tsufa ya tsattsage, akwai sauran man mai yawa a cikinsa.

3.0 Hanyoyin da Aka Saba

Hanyoyi uku aka saba bi. Ta farko, a binne su a juji, inda suke cin fili, man kuma yana iya tsiyaya a hankali ya gurɓata ƙasa da ruwa. Ta biyu, a sayar wa masu shinge da masu gyaran lambu, wato a kai dafin kusa da mutane ke nan. Ta uku, wadda ta fi yawa a Amurka da Turai, ita ce a farfasa su a ƙone a manyan tanderun masana'antu, kamar na siminti ko na samar da lantarki, inda tsananin zafi ke cinye sinadaran, ana kuma tace hayaƙin. Wannan ta fi sauran tsabta, amma a cikinta itacen da man duk sun tafi, ba abin da ya rage sai toka.

4.0 Ma'anar Fairolisis

Kalmar fairolisis daga Girkanci take, haɗin kalmomi biyu masu ma'anar wuta da warwarewa. Manufarta ita ce a zafafa abu a wurin da iska ba ta shiga, har zafi ya warware shi ba tare da ya kama da wuta ba. A Hausa ana iya kiranta gasawa a rufe, domin Bahaushe ya bambanta ƙonawa da gasawa: abin da aka ƙone ya zama toka, abin da aka gasa kuwa yana nan, kamanninsa ne suka sake.

Mai yin gawayi ya san wannan tun kaka da kakanni. Yakan tara itace mai tauri irin su ƙirya, wadda maƙera suka fi son gawayinta, ya lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ya bar 'yan kafofi kaɗan. Da ya saki iska ta shiga yadda take so, da toka zai kwasa. Duk itacen da aka gasa ta haka yakan rabu kashi uku: gawayi, da tururi mai komawa baƙin ruwa in ya huce, da iska mai cin wuta. A ramin gargajiya gawayin kaɗai ake ɗauka, sauran biyun su bi sararin sama. A masana'antar zamani kuwa duka ukun ake kamawa.

5.0 Yadda Ake Gasa Gumaguman

Da farko akan cire ƙusoshi da faifayen ƙarfe, a farfasa itacen ƙanana, mayen ƙarfe ya tsince ɓurɓushin da ya saura. Sai a zuba shi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe a dinga ƙara zafi. Ruwan jikinsa yakan fita a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Man kiriyosot yakan tashi ya zama tururi tsakanin digiri 200 da 400. Shi kansa itacen yakan fara warwarewa daga wajen digiri 200, kuma kafin a kai 500 mafi yawansa ya zama gawayi. In an gasa a hankali, gawayin kan kai kusan sulusin nauyin busasshen itacen. In kuwa an watsa masa zafi nan take, cikin 'yan daƙiƙu, to ruwan mai ne zai fi yawa.

Masu bincike a Jami'ar Tenesi ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji a 2016, inda suka nuna ana iya fara ɗumama garin itacen a zafin da bai wuce digiri 300 ba, a kama tururin kiriyosot a sanyaya shi ya koma mai, kafin a gasa itacen da ya rage. Man da aka ceto yana iya komawa aikinsa na jiƙa sababbin gumagumai. Da tsohuwar zuma ake magani. Iskar mai cin wuta kuma akan mayar da ita ƙarƙashin tukunyar, ta rage makamashin da za a saya.

Gawayin da aka samu yana da amfani a masana'antun narka ƙarfe, ana kuma iya gyara shi ya zama matacin ruwa ko na hayaƙi. Akwai wata fa'idar kuma. Kowane kilo na sinadarin kabon da aka ƙone yakan haifar da kusan kilo 3.7 na iskar da ke ɗumama duniya. Gawayin da ba a ƙone ba yana riƙe nasa kabon ɗin shekaru masu yawa.

6.0 Sharuɗɗa

Dabarar tana da sharuɗɗa. Na farko, dole a janye tururin tun yana da zafi, in ba haka ba zai huce ya koma jikin gawayin da dafinsa. Na biyu, sai an auna gawayin a ɗakin gwaji kafin a yi tunanin zuba shi a gona. Na uku, dole a ware itacen da aka jiƙa da wani magani dabam mai ɗauke da jan ƙarfe da gubar arsanik, domin zafi ba ya kashe waɗannan: ko dai su zauna a gawayin ko su bi hayaƙi. Na huɗu, gumaguman suna warwatse a ɗaruruwan kilomitoci, kuɗin tattara su da dakonsu kuwa ba kaɗan ba ne.

7.0 Abin da ya Shafi Ƙasar Hausa

Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. A kan tsofaffin hanyoyin nan akwai gumaguman ƙarfe, akwai na katako. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa kan kankare aka shimfiɗa ta. Yayin da ake sabunta hanyoyi, tsofaffin katakan za su dinga fita, haka ma tsofaffin turakun lantarki na itace. A ƙasar da mafi yawan gidaje ke girki da itace da gawayi, hatsarin a fili yake. Gungume busasshe mai maiƙo yana saurin kama wuta, don haka zai ja hankalin mai tsire, da mai gidan burodi, da mai tuyar ƙosai. Hayaƙinsa kuwa zai sauka a kan abincin da kuma ƙirjin mai hura wutar. Alamominsa ba sa ɓuya: baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana warin kwalta, in rana ta yi zafi har yakan yi gumin mai.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ramin mai gawayi da tukunyar masana'anta ka'ida ɗaya suke bi, wato hana wa itace iska. Abin da ya raba su shi ne makomar hayaƙi. Ga ƙirya, hayaƙin da ya tsere asara ce kawai. Ga gungumen dogo kuwa, a cikin hayaƙin nan dafin yake. Saboda haka ba daidai ba ne a sa irin wannan itace a murhu ko a ramin gawayi. Inda babu tukunyar da za ta kama tururinsa, abin da ya fi shi ne a tara shi a ƙarƙashin rumfa, a kan daɓen siminti, nesa da rijiya, har a sami inda za a sarrafa shi.