Notin Tayar Tsohuwar Tarakta: Inci ne ko Milimita?

A ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, da kuma Babura wadda ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, damina gajeriya ce, saboda haka taraktar da ta tsaya a makon huɗa ta jawo wa manoman gero, dawa, gyaɗa da riɗi hasarar da ba ta ramuwa a wannan shekara. Da yawa daga taraktocin da ake haya a yankin tsofaffi ne da suka ratsa hannuwa daban-daban, kuma cikin abubuwan da ke kwantar da su akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ba a cika kula da shi ba, wato notin da ke riƙe wili a jikin farantinsa. Notin nan kashi biyu ne: namiji, wanda sanda ce mai haƙora a murɗe, da mace, wadda ake juyawa a kansa har ta danne wilin.

Tushen matsalar yana cikin tarihin shigowar injinan. Taraktocin Massey Ferguson da aka ƙera a Coventry ta Ingila, irin su samfurin 135 da aka yi tsakanin 1964 da 1975, an gina su ne bisa ma'aunin inci, da tsarin haƙora na UNF, wanda ya fito daga yarjejeniyar da Amurka, Birtaniya da Kanada suka ƙulla a 1949. Su kuwa Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat da aka harhaɗa a Kano, sun zo da ma'aunin milimita na nahiyar Turai, haka ma ƙananan injinan huɗa na hannu da ake shigowa da su daga Sin a yanzu. Tsari biyu ke nan da ba su taɓa jituwa ba, amma notukansu suna zube a gwangwani ɗaya a garejin bakanike.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna noti da sifana. Sifana mai lamba 19 tana kama macen noti mai kaurin milimita 12, tana kuma kama ta rabin inci, domin kashi uku cikin huɗu na inci milimita 19.05 ne, bambancin da hannu ba ya ji. Lambar sifana faɗin kan noti kawai take nunawa, ba ta cewa komai game da haƙoran ciki, alhali su ne ke ɗaukar nauyi. Wanda ya je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ce a ba shi notin lamba 19 bai faɗi abin da yake nema ba tukuna, ko da yake shi da mai shago duka suna zaton sun fahimci juna.

Abubuwa biyu ne ke tantance noti: kaurin sandar da tazarar haƙoranta. Rabin inci milimita 12.7 ne, kuma a tsarin UNF yana da haƙora 20 a kowane inci, wato tazarar milimita 1.27, wadda ta yi kusa ƙwarai da 1.25 ta wani notin milimita 12. Macen rabin inci takan hau irin wannan namiji cikin sauƙi, har ta yi kamar ta ɗaure, amma bakin haƙoran kaɗai ta kama, kuma da zarar garma ta shiga ƙasa mai tauri ko an ja tirela cike da buhuna, sai ta suɓuce. Tara bisa goma sha shida na inci kuwa milimita 14.29 ne, da haƙora 18 a inci, yayin da takwaransa na milimita 14 mai tazarar 1.5 ke da kusan 17. A nan macen takan shiga ƴan juyi kaɗan sannan ta cije, kuma abin takaici ne yadda ake sa wa sifana dogon bututu a tilasta ta, domin wannan ƙarfi ba ɗaurewa yake yi ba, cinye haƙoran duka biyu yake yi.

Gano gaskiya ba ya buƙatar kaya masu tsada. Ma'aunin kauri mai baki biyu, irin wanda ɗaliban injiniya ke koyon aiki da shi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, yana ba da kaurin sanda, rula ta ƙarfe kuma ta isa a ƙirga haƙora a tsawon inci ɗaya. Inda babu ko ɗaya, sai a kwance lafiyayyen noti daga wata tayar, a wanke shi da kananzir, a tafi da shi kasuwa, a haɗa haƙoransa da na sabon a ɗaga su wajen haske, domin idan tazararsu ɗaya ce za su kwanta cikin juna ba tare da rata ba. Macen da ta dace tana tafiya da yatsu har ƙarshe kafin a ɗauko sifana.

Ko an dace da haƙora, sauran ƙarfin ƙarfen da siffar mazaunin. Lambobi irin su 8.8 da 10.9 a kan notin milimita, ko layuka uku da shida a kan na inci, suna nuna jurewarsa, kuma notin da ba shi da wata alama bai cancanci riƙe taya ba. Haka nan macen da gindinta ya tsuke an yi ta ne domin ramin wili mai gangare, inda take daidaita wilin a tsakiya. Idan aka sa mai shimfiɗaɗɗen gindi a wurin, wilin zai riƙa motsi har ramukan su zama kamar ƙwai, daga nan kuma sai a kai ga mai walda, wanda zafin wutarsa ke raunana taurin noti. Ana ɗaure notukan ne a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, a kuma sake bin su da sifana bayan aikin yinin farko, musamman idan an yi wa wilin sabon fenti, domin fentin yakan murje a ƙarƙashin noti ya bar shi sako-sako.