Yadda ake tsara karin waƙa da kwamfuta

Kowa a cikinmu ya san waƙa. Mata suna waƙa wajen daka. Manoma suna waƙa a gayya. Ƴan mata suna waƙar gaɗa a dandali in farin wata ya fito. Kowace waƙa tana da kalmomi, tana kuma da kari. Kari shi ne hawa da saukar murya, da saurinta da jinkirinta. In ka rera waƙa da fito, ba kalma ko ɗaya, abokinka zai gane ta. Karin ne ya gane.

Kalmomi muna rubuta su a kaye. To, kari fa? Sau da yawa yaro yakan ƙago kari mai daɗi a hanyar makaranta, kafin la'asar ya manta shi. Tsohuwa takan rasu, waƙoƙin dakanta su bi ta. Amma akwai hanyar rubuta kari. Kwamfuta kuwa tana iya karanta abin da muka rubuta, ta kaɗa mana shi nan take.

Mene ne amo?

Ku dubi tsarkiyar molo in an taɓa ta. Tana rawa da sauri. Rawar nan tana motsa iska, iska ta kawo motsin ga kunnenmu. Abin da muke ji shi ne amo. In tsarkiya ta yi rawa da sauri ƙwarai, amo ya yi sama, ya zama siriri. In ta yi rawa a hankali, amo ya yi ƙasa, ya yi kauri. Shi ya sa makaɗi yake ɗaure tsarkiya in yana son amo ya hau.

Masana suna ƙidaya wannan rawa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin amo daga rawa 20 har zuwa wajen rawa 20.000 a cikin daƙiƙa guda.

An zaɓi amo bakwai an ba su suna: do, re, mi, fa, sol, la, si. Suna jere kamar matakan tsani. Do yana ƙasa, si yana sama. Bayan si sai wani do ya sake zuwa, tsani ya ci gaba. Amon la na tsakiya yana rawa sau 440 a daƙiƙa. La na sama da shi yana yin 880, na ƙasa da shi yana yin 220. Kun ga kowane hawa ninki ne. A shekarar 1975 hukumar awo ta duniya, ISO, ta tabbatar da 440 a matsayin ma'aunin da makaɗa suke daidaita kayansu da shi.

Sunayen nan sun daɗe. Wani malamin coci na ƙasar Italiya, Guido na birnin Arezzo, shi ya fara koyar da su wajen shekara ta 1025. A lokacinsa shida ne, kuma na farkon ut ake ce masa. Daga baya aka mai da shi do, aka ƙara si.

Waƙoƙinmu na Hausa da yawa amo biyar suke yawo a kai. Mafi kusa da su a tsanin nan su ne do, re, mi, sol, la. Da waɗannan biyar za mu yi aiki yau.

Tsawon amo

Ku tafa hannu a jere, ba sauri ba jinkiri: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowane tafi bugu guda ne. Wani amo yana cin bugu guda, wani biyu, wani rabi. Kowanne da alamarsa.

Farin ƙwai marar sanda: bugu 4. Da Faransanci ana ce masa ronde.
Farin ƙwai mai sanda: bugu 2. Shi ne blanche.
Baƙin ƙwai mai sanda: bugu 1. Shi ne noire.
Baƙin ƙwai mai sanda da wutsiya: rabin bugu. Shi ne croche.

Shiru ma yana da alama da tsawo, don mawaƙi yana bukatar numfashi.

Ana ɗora alamomin nan a kan layuka biyar da ke kwance. Alamar da ke sama amonta yana sama. Ana karantawa daga hagu zuwa dama kamar boko. Ana kuma raba layukan da ƴan sanduna a tsaye. Tsakanin sanda da sanda muna kiransa ɗaki. A aikinmu kowane ɗaki bugu 4 yake ɗauka, ba ƙari ba ragi.

Kwamfuta da manhaja

Kwamfuta ba ta san waƙa ba. Lissafi ta sani. Sai an saka mata manhaja, wato jerin umurnin da ke nuna mata aikin da za ta yi. Manhajojin kiɗa suna da yawa. Wadda za mu duba sunanta MuseScore. Wani Bajamushe, Werner Schweer, ya fara ta a shekarar 2002. Kyauta ce. In an saka ta cikin kwamfuta, ana rubuta kari da ita ko babu intanet.

In ka rubuta amo, abu uku kwamfuta take riƙewa: wane amo ne, yaushe zai fara, yaya tsawonsa. Tun shekarar 1983 masu ƙera kayan kiɗan lantarki na Japan da Amurka suka yarda da hanya guda ta aika irin wannan bayani tsakanin na'urori. Sunanta MIDI. A cikinta kowane amo yana da lamba. Do na tsakiya lambarsa 60, la kuwa 69.

Kiɗa da na'ura ba baƙo ba ne a Nijar. A shekarar 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset a Yamai, yana kaɗa molon lantarki mai maɓallai, har da kare-karen gargajiya na ƙasarmu. An sake fitar da wannan aiki a shekarar 2013, mutanen ƙasashe da yawa suka ji shi.

Hausa tana da nata kari

Kafin mu taɓa kwamfuta, sai mu saurari bakinmu. Ku faɗi kalmar kuka, ta yaro mai hawaye. Gaɓoɓinta biyu duk suna sama. Yanzu ku faɗi kuka, itacen da ake miya da ganyensa. Gaɓar farko tana sama, ta biyu ta faɗi ƙasa. Rubutu ɗaya ne, amma murya ta raba su.

Haka kalmar baba. In ta fara ƙasa ta hau sama, uba ke nan. In ta fara sama ta sauka, mace ce, uwa ko gwaggo. In gaɓoɓin duk suna sama, baba ne na masu rini. Da wannan hawa da sauka mai kalangu yake sa gangarsa ta yi magana.

Gaɓoɓi kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai doguwa, akwai gajera. Saboda haka mai tsara kari da Hausa yana bin doka biyu. Inda magana ta hau, kari ya hau, inda ta sauka, ya sauka. Doguwar gaɓa ta sami dogon amo, gajera ta sami gajere.

Mu tsara kari

Ga layinmu na farko: Baba ya shuka dawa.

Mu faɗe shi a hankali, mu raba gaɓoɓinsa bakwai: Ba, ba, ya, shu, ka, da, wa. Muryarsu ita ce: ƙasa, sama, sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ku lura da wani abu. Gaɓar da tana sama, amma ba ta kai tsayin shu ba. Haka Hausa take: in murya ta sauka ta sake hawa, ba ta komawa inda take da.

Sai mu zaɓa musu amo: mi, la, la, la, mi, sol, mi.

Yanzu tsawo. Gaɓa ta biyu da ta biyar gajeru ne, kowace rabin bugu. Sauran dogaye ne, kowace bugu guda. Mu haɗa biyar na farko: 1, da rabi, da 1, da 1, da rabi. Sun tashi 4. Ɗakin farko ya cika. A ɗaki na biyu da ta ci bugu 1, mu ja wa ta ci bugu 2, mu bar shiru na bugu 1. Shi ma ya tashi 4.

Wannan layi ya tsaya a kan mi. Kunne yana jin ba a gama ba, kamar an yi tambaya. Yana bukatar amshi.

Ga layi na biyu: Inna ta shuka rogo.

Muryarsa: sama, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Tsawon gaɓoɓinsa daidai yake da na farko. Amonsa: la, mi, sol, sol, re, mi, do. Ya sauka a hankali ya tsaya a kan do. Do shi ne gida. In kari ya koma gida, kunne ya huta.

Mu rubuta shi

Ka buɗe MuseScore, ka zaɓi sabon shafi. Ka zaɓi abin kiɗa guda, misali sarewa ko piyano, da ɗaki mai bugu 4. Layuka biyar za su bayyana.

Ka taɓa ɗakin farko, ka danna harafin N. Kwamfuta ta shirya karɓar amo.

Kullum tsawo ake fara zaɓa, da lamba: 4 rabin bugu ne, 5 bugu guda, 6 bugu biyu, 7 bugu huɗu. Sa'an nan amo, da harafi: C do ne, D re, E mi, F fa, G sol, A la, B si. Sifiri yana rubuta shiru.

Layin farko haka ake danna shi: 5 da E, 4 da A, 5 da A, A kuma, 4 da E, 5 da G, 6 da E, 5 da sifiri. Layi na biyu kai za ka nemi lambobinsa da haruffansa. In amo ya faɗa hawan da ba ka so, ka riƙe Ctrl ka danna kibiyar sama ko ta ƙasa. In ka yi kuskure, Ctrl da Z suna goge shi.

Ka sake danna N don ka fita, ka koma farko, ka danna dogon maɓallin nan na ƙasa. Kwamfuta za ta kaɗa maka karinka. Ka bi ta da kalmomin.

Karinmu ɗaki 4 ne, wato bugu 16. In kwamfuta tana bugu 120 a minti, zai ƙare cikin daƙiƙa 8. In ka rage saurin zuwa 60, zai ci daƙiƙa 16. Ka gwada, ka ji wanda ya dace da waƙar noma.

Kada ka manta da ajiya. Ka danna Ctrl da S, ka ba aikin suna. In wuta ta ɗauke ba ka ajiye ba, aikin ya tafi. Kana iya buga shi a takarda, ko ka mai da shi MP3 ka sa a salula, a ji a gida.

Abin da kwamfuta ba ta iyawa

Ka juya amo biyu na farko, la ya riga mi. Kwamfuta za ta kaɗa, ba ta ce kome ba. Amma duk mai jin Hausa zai ji cewa kalmar baba ta koma gwaggo, ba uba ba. Wannan gyara kunnenka ne zai yi shi.

Kuma tsanin do, re, mi yana da matakai tsayayyu. Mai goge yana jan amo a tsakanin matakai, mai kalangu yana matse gangarsa amo ya lanƙwasa. Rubutu ba ya kama wannan duka. Don haka in za ka rubuta waƙar kakarka, ka zauna kusa da ita tukuna. Ka saurara har ta zauna maka, ka rubuta, ka kai mata ta ji. In ta ce ba haka ba ne, ka koma ka gyara.

Mu riƙe

Amo rawar iska ne. Kari amo ne da aka jera, kowanne da tsayinsa da tsawonsa. Karin waƙar Hausa yana bin hawa da saukar magana.

Tambayoyi

1. Me yake sa amon tsarkiya ya yi sama?
2. La na tsakiya yana rawa sau nawa a daƙiƙa? Na sama da shi fa?
3. Baƙin ƙwai mai sanda nawa ne suke cika ɗaki guda?
4. Kari mai bugu 16 daƙiƙa nawa zai ci in ana bugu 80 a minti?
5. Kawo kalmomi biyu masu rubutu ɗaya da murya ta raba.

Aiki

Ku kasu uku uku. Kowane rukuni ya ƙago layi biyu a kan damina ko kasuwa. Ku raba gaɓoɓin, ku sa wa kowace sama ko ƙasa, doguwa ko gajera. Ku zaɓi amo cikin do, re, mi, sol, la, ku ƙare a kan do. Ku rubuta a kaye, malam ya duba, sa'an nan ku sa a kwamfuta aji duka ya ji.